Yadda Ake Saita Jitar Lantarki Ta Yi Taushi a Hannu, Ta Yi Daɗi a Kunne

Gabatarwa

A ikkilisiyoyi da yawa na yankin Dangora, daga Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, akwai jitar lantarki da aka saya da gumin jama'a. Wata zumuntar mata ce ta haɗa kuɗinta bayan kaka, wata kuma matasa ne suka yi ƙwadagon gona suka tara. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a fara jin ƙorafi. Mai kaɗawa ya ce tana yanka masa yatsu. Shugaban mawaƙa ya ce ba ta tafiya da kibod. Yaron da ya fara koyo da zafinsa ya daina zuwa, domin ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa. Daga nan sai a jingine ta a ɗakin ajiya, a kawo maganar sayen sabuwa gaban dattawa.

'Yan'uwa, galibin irin waɗannan jitoci ba su lalace ba, saiti suka rasa. Jita itace ce da ƙarfe, itace kuwa yana motsi da yanayi, shi ya sa aka ƙera ta da wuraren juyawa da ɗaurewa domin a riƙa mayar da ita daidai. Yawancin waɗanda ake sayarwa a Sabon Garin Kano da na Zariya kwaikwayon Stratocaster ne, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a shekarar 1954, kuma kusan kowane sashe nata ana iya gyara shi da sukudireba da ƙaramin alinki. Abin da ake bukata shi ne a bi matakan bi da bi, domin kowane mataki yana taɓa wanda ke bayansa. A ƙasarmu kuma sai an maimaita aikin sau biyu a shekara.

Sassan da za mu taɓa

Duk wanda ya san molo ko garaya ya riga ya san rabin jita. Akwai wuya, akwai tsirkiya, akwai jaki wanda tsirkiya ke hawa a kansa. Jita tana da tsirkiya shida. Ta ɗaya ita ce mafi siranta, ta shida mafi kauri. A kan jakinta akwai ƙananan sirdi shida, kowace tsirkiya da nata, ana iya ɗaga shi ko sauke shi, a tura shi gaba ko a ja shi baya. Ƙarafan da ke kwance a gicciye a kan wuya su ne firet, ana ƙirga su daga wajen kai. A bakin kai akwai wani ɗan farin matashi mai tsaga shida inda tsirkiyoyi ke bi su kai ga kunnuwan ɗaurewa. A cikin wuyan kuma akwai sandar ƙarfe da ido ba ya gani, sai kanta kawai. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, shi ne ke mayar da rawar tsirkiya ta zama lantarki ta tafi amfilifaya.

Kayan aiki ba su da yawa. Ana bukatar sukudireba mai bakin gicciye, alinki na sandar wuya wanda a jitocin Sin da Indonesiya yakan zama milimita 4 ko 5, ƙaramin alinki na sirdi mai milimita 1.5, filaya, kafo, tsumma mai tsabta, da na'urar saita murya ko manhajarta a wayar hannu. Don awo, katin ATM ko katin zaɓe kaurinsa milimita 0.76 ne, biyu a haɗe sun kai kusan 1.5. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani.

Abin da hunturu da damina ke yi wa jita

Masu ƙera jita sun fi so ta zauna a inda damshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A ƙasar Kano, lokacin hunturu damshin yakan sauka ƙasa da kashi 20 da rana, a watan Agusta kuma iska ta cika da ruwa. Mun san yadda ƙofar katako ke kumbura da damina har ta ƙi rufuwa, da rani kuma ta saki. Haka wuyan jita yake yi, ga shi kuma tsirkiyoyi shida suna jansa dare da rana da ƙarfin da ya kai kilo 40 zuwa 47. Wani wuyan yakan lanƙwasa gaba, tsirkiya ta yi nisa ta yi tauri. Wani yakan koma baya, tsirkiya ta kwanta a kan firet tana zirr. Da hunturu katakon yakan tsuke har bakin firet ya leƙo a gefe yana kartar hannu.

Saboda haka lokaci biyu ne suka fi dacewa da saiti. Na farko idan hunturu ya kama sosai, wajen farkon Disamba, kafin hidimomin Kirsimeti. Na biyu idan damina ta zauna, wajen Yuni ko Yuli. 'Yan'uwa na wajen Riruwai da bakin dajin Falgore, inda ruwa ke rigan sauka, za su iya yin nasu da wuri kaɗan.

Mataki na farko: sabuwar tsirkiya

Ba a saiti da tsohuwar tsirkiya. Wadda ta yi tsatsa ko ta cika da datti ba ta rawa daidai, duk awon da aka yi a kanta ƙarya ne. A jikin fakiti za ka ga lamba kamar 9-42 ko 10-46, wato kaurin ta ɗaya da ta shida. Ta 9-42 ta fi taushi, ita ta fi dacewa da masu koyo. Ta 10-46 ta fi cikar murya, ta kuma fi jure bugun mai nauyin hannu. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kanta, domin duk ranar da aka canza kauri, jan da ake yi wa wuya ya canza, sai an sake saiti.

Idan ka cire tsofaffin, ka goge wuya da ƙasan jaki. Ka goga bakin fensir a cikin tsagogin matashi, baƙinsa yana sa tsirkiya ta zame ba tare da maƙalewa ba. Wajen ɗaurewa, zagaye biyu zuwa uku a kan kunne ya isa ga masu kauri, sirara kuma huɗu ko biyar, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya. Ka saita murya, ka ja kowace tsirkiya sama a hankali da yatsa, ka sake saitawa, har sai ta daina sauka. Guntun tsirkiya ta ɗaya da ka yanke kada ka yar da shi. Idan ta lamba 10 ce, kaurinta milimita 0.25 ne, shi ne ma'aunin mataki na gaba. Ta lamba 9 ma ta kusa haka.

Mataki na biyu: lanƙwasar wuya

Tsirkiya ta fi yin rawa da faɗi a tsakiyarta, don haka wuya yana bukatar ɗan kwari kaɗan a tsakiya. Ga yadda ake aunawa. Ka rungumi jitar kamar za ka kaɗa, ka sa kafo a firet na 1, ka danne tsirkiya ta shida a firet na ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen ma'auni. Ka duba tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 8. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga yawancin jitocinsa shi ne milimita 0.25. Ka zura guntun nan da ka ajiye. Idan ya shiga yana ɗan gogawa, wuyan lafiya yake, kada ka taɓa shi. Wanda ke da aboki bakanike zai iya aron filagejin da suke auna bawul da shi.

Idan tazarar ta yi yawa, sai a ɗaure sandar wuya, a juya alinki zuwa dama yayin da kake fuskantar kan sandar. Idan babu tazara ko kaɗan, a sassauta zuwa hagu. A nan ne ake lalata jita, don haka a kula. Alinkin ya zama daidai da ramin, ya shiga har ƙasa. Kada juyi ɗaya ya wuce kwata na zagaye, rabin kwata ma ya fi. Bayan kowane juyi ka sake saita murya, ka ba katakon ɗan lokaci, sannan ka sake aunawa. Sannu ba ta hana zuwa. Idan sandar ta ƙi juyawa, ko ka ji tana ƙara, ka tsaya nan take ka kai wa mai gyara. Sandar da ta karye a ciki takan jawo canza wuya gaba ɗaya.

Mataki na uku: tsayin tsirkiya

Wannan shi ne abin da yatsu ke ji. Ka cire kafo, ka auna daga saman firet na 12 zuwa ƙasan tsirkiya. Masu gyara da yawa suna farawa da milimita 1.6 ga tsirkiya ta ɗaya, da milimita 2 ga ta shida. Da katuna, biyu su shiga daidai a ƙarƙashin ta ɗaya. A ƙarƙashin ta shida biyu su shiga da sarari, uku kuma su ɗan ɗaga ta. Kowane sirdi yana da ƙananan sukurori biyu, ka juya su daidai wa daida domin kada sirdin ya karkace. Saman wuya ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan tudu a tsakiya, saboda haka sirdin tsakiya za su fi na gefe tsayi kaɗan.

Bayan haka ka kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet, ka saurara. Inda zirr ɗin ya fito yana gaya maka ciwon. Idan a firet biyar na farko ne, wuya ya miƙe da yawa, ka koma mataki na biyu ka sassauta kaɗan. Idan daga na 12 zuwa sama ne, sirdi ya yi ƙasa. Idan a wuri ɗaya tak ne, akwai firet da ya taso ko ya cinye, wannan aikin mai gyara ne. Ɗan zirr da ba ya fita ta amfilifaya ba abin damuwa ba ne. Mai bugu da ƙarfi, kamar wanda ke riƙe kiɗa lokacin baiko da rawa, yana bukatar tsirkiya ta ɗan fi tsayi. Lambobin nan mafari ne, hannun mai kaɗawa ne ke yanke hukunci.

Ka duba matashi ma. Ka danne tsirkiya a firet na 3, ka kalli tazararta a kan firet na 1. Ya kamata ta zama kamar kaurin takarda. A jitoci masu araha tsagogin sukan yi sama da yawa, wannan ne ke sa kod na F ya zama azaba ga mai koyo, ya kuma sa sautin firet na farko ya haura. Zurfafa tsagar yana bukatar magagari na musamman, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Kada a yi shi da reza ko wuƙa.

Mataki na huɗu: murya ta yi daidai har ƙarshen wuya

Sau da yawa na'ura takan nuna jita ta saitu, amma da mai kaɗawa ya hau tsakiyar wuya sai ta rabu da kibod. Ga dalilin. A Stratocaster tsawon tsirkiya daga matashi zuwa sirdi milimita 648 ne, firet na 12 kuma yana tsakiya. Danna tsirkiya a nan ya kamata ya ba da sauti iri ɗaya da na sake, amma a sama. Sai dai dannawar tana ƙara miƙe tsirkiyar, sautin ya ɗan haura. Shi ya sa ake jan sirdi baya kaɗan domin a rama.

Ka saita tsirkiyar a sake, sannan ka danne ta a firet na 12 da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi, ka kalli na'ura. Idan allura ta wuce tsakiya, sautin ya haura, ka juya sukurun da ke bayan jaki domin sirdi ya ja baya, tsirkiya ta ƙara tsawo. Idan allura ba ta kai ba, ka tura sirdin gaba wajen wuya. Bayan kowane juyi ka sake saita tsirkiyar kafin ka gwada. Ka yi haka ga duka shida. Ka tabbata na'urarka tana kan 440, wanda shi ne ma'aunin sautin A da duniya ke bi, ka kuma tabbata ba a taɓa saitin kibod an manta ba.

Wannan mataki ya shafi kowa da ke cikin majami'a. Jama'a suna ɗaukar murya daga kayan kiɗa. Idan jita tana gefe kibod yana gefe, mawaƙa sukan rabu biyu, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya kauce.

Jitar da ke da sandar girgiza sauti, jakinta yana lilo a kan sifirin da ke bayanta. Idan tsirkiya ɗaya ta tsinke ana cikin waƙa, sauran biyar duk sai su kauce. In ba a amfani da sandar, a buɗe murfin baya a ɗaure sukurori biyu masu riƙe sifirin har jakin ya kwanta a jikin jita. A yi wannan tun kafin mataki na biyu.

Mataki na biyar: tsayin fikof

Ka danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka auna daga kan maganaɗisu zuwa ƙasan tsirkiya. Ka fara da kimanin milimita 2.4 a gefen masu kauri, da milimita 2 a gefen sirara. Sukurori biyu na gefen fikof ne ke ɗaga shi ko sauke shi. Idan ya matso da yawa, maganaɗisun yana jan tsirkiya, sauti ya riƙa rawa ya mutu da wuri, na'urar saiti ma ta rikice. Idan ya yi nisa, sauti ya yi siriri. Ka bi fikof ɗin ɗaya bayan ɗaya da makunni, ka daidaita su yadda babu wanda zai fi ɗan'uwansa ƙara sosai.

Ruri, ƙura da haɗarin lantarki

Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fikof siriri mai naɗi ɗaya kuma yana ɗaukar wannan ya mayar da shi ruri a sifika. Saboda wannan matsala ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro fikof mai naɗi biyu, wanda ya fara fitowa a jitar Les Paul a 1957. A jita mai fikof uku, matsayi na 2 da na 4 na makunni sukan rage rurin. Ka nisanci janareta, cajar waya da bayan amfilifaya, ka kuma ɗan juya jikinka har ka sami inda ya lafa. Ka yi amfani da wayar jita ta ainihi, wadda ba ta wuce mita 6 ba. Wayar sifika ba ta da kariya, ruri take kawowa.

Idan maɓallin ƙara yana ƙarar-ƙarar, ƙurar hunturu ce. A fesa masa ruwan wanke na'urorin lantarki, a juya shi sau da yawa. Ba a zuba masa baƙin mai ko fetur. Idan ramin waya ya yi sako-sako, a cire farantinsa, a riƙe shi ta ciki sannan a ɗaure noti. Juya shi daga waje kawai yana murɗe wayoyin ciki har su tsinke.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. Idan wuta ta zube a na'ura kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta, jikin mai kaɗawa ne zai zama hanya. A watan Mayun 1972 wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, bayan ya taɓa makirfo da ba shi da wayar ƙasa. Majami'u da yawa a ƙauyukanmu an ja musu wuta da waya biyu kawai. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi, kada a cusa tsirarar waya a soket. A sa mai aikin lantarki ya kafa sandar ƙasa ya haɗa ta da soket da janareta. Kada a yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai damshi. Duk wanda ya ji ɗan tsiri a leɓe ko a yatsa lokacin da ya taɓa makirfo da jita, a kashe komai har sai an gano dalili. Inda wutar janareta ke hawa da sauka, sitabilaiza tana kare amfilifaya.

Sauti a ƙarƙashin rufin kwano

Ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti yana amsa kuwwa da kansa. Saboda haka a rage maɓallin amsa-kuwwa, a rage na ƙasa domin kada jita ta shiga hurumin bes da ganga, a bar na tsakiya wajen rabi. A ɗora amfilifaya a kan benci tana fuskantar mai kaɗawa. Idan tana ƙasa, sautin yana wucewa ta ƙafafunsa, sai ya yi ta ƙara murya yana damun na gaba. A sa mutum ɗaya ya tsaya a bencin ƙarshe lokacin gwaji. Idan ba ya jin kalmomin waƙar, kiɗa ya yi yawa.

Ajiya

A wanke hannu kafin kiɗa, a goge tsirkiya bayan an gama, domin gishirin gumi ne ke cin ta. Jita ta kwana a jakarta. Kada a bar ta jingine da bango a ɗakin da ke zama tanda a watan Maris da Afrilu, ko a bakin taga inda feshin ruwa ke shiga. Da hunturu a jiƙa soso a matse shi sosai, a sa a kwanon sabulu mai huji, a ajiye cikin jakar ba tare da ya taɓa jitar ba. Saman wuya mai duhu wanda ba shi da fenti, a shafa masa ɗigo kaɗan na man jita sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge. Man gyaɗa da man shanu suna yin ɗanko su tara ƙura. Wuya mai haske da aka yi wa fenti ba ya bukatar mai.

Kammalawa

Yana da kyau kowace ƙungiyar mawaƙa ta ba mutum ɗaya amanar wannan aiki, ya koya wa wani na biyu, su riƙa rubuta ranar saiti da ma'aunin da suka samu a littafin kayan ikkilisiya. A kasafin shekara a sa kuɗin tsirkiya aƙalla fakiti uku ko huɗu ga kowace jita. Idan wani zai shiga Kano ko Zariya daga Kwanar Dangora, a ba shi saƙon tsirkiya da alinki tun kafin bukata ta taso. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kafin a kai wa dattawa maganar sabuwar jita, a ɗauko tsohuwar daga ɗakin ajiya, a ba ta yammaci ɗaya, a bi matakan nan biyar, sannan a miƙa ta ga yaron da ya daina zuwa ya sake gwada kod na F.